Manhajojin Lissafin Falaki Na Kyauta: Wacce Ta Dace Da Jadawalin Salla Da Neman Jinjirin Wata?

 

'Yan'uwa masu karatu, kowace shekara idan Sha'aban ya zo ƙarshe sai hotunan taswira su cika wayoyinmu. Wannan ya turo mai nuna za a ga wata yau, wancan ya turo mai nuna ba zai yiwu ba. Haka ma jadawalin salla: sai ka tarar da masallatai biyu a unguwa guda, kowanne da takardarsa manne a bango, amma Asubarsu ta saɓa da minti shida ko bakwai. Idan ka tambaya, kowa zai ce maka kwamfuta ce ta fitar. To, da wane lissafi ta fitar, kuma wa ya saita mata? Tun da azuminmu da sallarmu na rataye da waɗannan lambobi, ya kamata limami da ladan da ɗalibi su san inda suke fitowa.

Mece ce taskar lissafi?

Wanda ya ƙera manhajar salla da ke cikin wayarka da wuya a ce shi ya zauna ya lissafa tafiyar rana da kansa. Yakan ɗauko abin da ake kira taska, wato tarin umarnin kwamfuta da wani masani ya riga ya rubuta ya gwada, ya ɗora nasa aikin a kai, kamar yadda magini yake sayen bulo bugagge. Idan aka ce taska mai buɗaɗɗen tushe ce, ana nufin an saki rubutun umarninta a fili: kowa na iya karantawa, ya gwada, ya gyara, ya rarraba, bisa sharuɗɗan lasisinta. Amfaninta ya wuce samun abu kyauta. Lissafin da ke rufe sai dai ka yarda da shi ido rufe, amma wanda ke buɗe ana iya bin sawunsa layi bayan layi, kamar yadda ake bin isnadi.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a masallaci. A ƙarni na 14 Ibn Shaɗir shi ne mai kula da lokutan salla a babban masallacin Umayyawa da ke Dimashƙa, kuma yana cikin manyan masana falaki na zamaninsa. Irin jadawalin da su da magabatansu kamar Albattani suka rubuta, wanda ake kira ziji, shi ne kakan abin da waɗannan taskoki suke ɗauke da shi a yau.

Rijiyoyi biyu da ake ɗebowa

Kafin a kwatanta taskokin, sai a san cewa kusan dukkansu daga ɗayan rijiyoyi biyu suke ɗebo ruwa.

Ta farko ita ce hanyar ƙa'idojin lissafi. Masana a Faransa sun tsara dogayen jerin lissafi da ke ba da matsayin rana da duniyoyi a kowane lokaci, wanda aka fi sani da VSOP87, aikin Pierre Bretagnon da Gérard Francou, da kuma makamancinsa na wata mai suna ELP. Daga baya wani masani ɗan Beljiyam, Jean Meeus, ya taƙaita irin waɗannan a littafinsa Astronomical Algorithms na 1991, ta yadda ƙaramar na'ura ma za ta iya ɗauka. Kyawun wannan hanya shi ne ba ta buƙatar wani babban fayil, kuma ba ta buƙatar intanet.

Ta biyu ita ce jadawalin cibiyar JPL ta hukumar NASA a Amurka. Su suna sa manyan kwamfutoci su bi jan da rana da wata da duniyoyi suke yi wa juna mataki-mataki, sannan su daidaita sakamakon da awo na zahiri. Daga cikin awon har da hasken lesa da ake harbawa zuwa madubban da 'yan sama-jannati suka bari a kan wata tun 1969, a auna tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Sakamakon yana fitowa a fayiloli masu lamba. DE421, wanda ya fito a 2008, ya ƙunshi shekarun 1900 zuwa 2050, girmansa kuma bai wuce megabait 17 ba. DE440 ya ƙunshi 1550 zuwa 2650. Wannan hanya ita ce mafi daidaito, da ita ake tura kumbo zuwa wasu duniyoyi.

Taskokin rana da wata

PyEphem tana cikin tsofaffi a harshen kwamfuta na Python. Brandon Rhodes ne ya fitar da ita a 1998, ya gina ta a kan lissafin manhajar XEphem ta Elwood Downey. Tana da sauri, ba ta buƙatar sauke fayil, kuma da layuka kaɗan za ta ba ka faɗuwar rana da ta wata da lokacin sabon wata. Sai dai shi kansa marubucin yana ba masu sabon aiki shawarar su koma ga magajiyarta.

Magajiyar ita ce Skyfield, ta wannan marubuci, mai lasisin MIT. Tana karanta fayilolin JPL kai tsaye, kuma ana gwada sakamakonta da na taskar NOVAS ta cibiyar duba taurari ta sojojin ruwan Amurka. Da zarar ka sauke DE421 sau ɗaya, za ta yi aiki ba intanet, abin da ke da muhimmanci ga ɗalibin da data ke yi wa tsada. Tana kuma tilasta ka ka faɗi daga ina kake kallo, daga tsakiyar duniya ko daga garinku, kuma za mu ga nauyin wannan nan gaba. Ga mai son lissafin jinjirin wata da gaske, ita ce mafi dacewa a fara da ita.

Astropy kuwa babban gida ce. An fara ta a 2011 a matsayin aikin gayya na masu binciken falaki daga ƙasashe da dama, da lasisin BSD. Tana kula da ma'aunai, da nau'o'in agogo, da sauya tsarin wuri, da karanta hotunan manyan madubban hangen nesa. Ginshiƙinta shi ne ERFA, wadda aka ciro daga SOFA, lissafin da Ƙungiyar Masana Falaki ta Duniya ta amince da shi. Wanda zai yi digiri a wannan fanni ba makawa ya koye ta. Amma don jadawalin salla ta yi nauyi. Akwai kuma abubuwa biyu da mai amfani da ita zai lura da su: matsayin watan da take bayarwa idan ba a saita ta ba na taƙaitaccen lissafi ne, sai an umarce ta ta ɗauki fayil ɗin JPL, sannan takan nemi sabunta bayanan jujjuyawar duniya daga intanet.

Astronomy Engine ta Don Cross ta bi wata hanya dabam. Marubucin ya yanke cewa kuskuren da bai wuce kashi ɗaya cikin sittin na digiri ba ya wadatar, sai ya rage nauyin taskar har ta zama ba ta dogara da wani fayil. Ana samunta a harsunan C, C#, JavaScript, Python da Kotlin, don haka ta dace da manhajar waya ko shafin intanet na ƙungiya. Tana lissafa fitowa da faɗuwa, da matakan wata, da kusufi.

Akwai kuma Swiss Ephemeris, wadda ke da daidaito sosai saboda a kan jadawalin JPL aka gina ta. Kamfanin da ya yi ta a Suwizalan, Astrodienst, na masu duba da taurari ne, shi ya sa za ka ga ta cika da sassan da suka shafi tanjimi. Lambobin matsayin wata da take bayarwa lissafi ne tsantsa, amma sassan duba ba ruwan Musulmi da su, kuma tun da akwai wasu taskokin da ke yin aikin, babu abin da zai sa ɗalibi ya kusanci wannan ƙofa. Lasisinta ma mai tsauri ne: ko ka buɗe tushen taka manhajar bisa sharaɗin AGPL, ko ka biya kuɗi.

Taskokin lokutan salla

Waɗannan ƙanana ne, an yi su don aiki guda. PrayTimes ta Hamid Zarrabi-Zadeh ta yaɗu ƙwarai, an juya ta zuwa harsunan kwamfuta da yawa. Adhan ta Batoul Apps tana amfani da lissafin Meeus, tana da lasisin MIT, kuma ana samunta don wayoyin Android da iPhone da shafukan intanet. Lissafin rana ya fi na wata sauƙi nesa ba kusa ba, saboda haka daidaiton waɗannan ƙanana ya isa: idan aka ba su saiti iri ɗaya, amsoshinsu ba sa nisa da na manyan taskoki fiye da kimanin minti guda.

To idan haka ne, daga ina saɓanin yake fitowa? Nan ne zuciyar wannan bayani.

Inda saɓani yake ɓoye

Na farko, kusurwar Asuba da Isha'i. Kwamfuta ba ta ganin alfijir. Abin da ake gaya mata shi ne ta nemo lokacin da rana take ƙasa da ufuƙi, wato inda sama ta haɗu da ƙasa a idon mai kallo, da digiri kaza. Tsarin Rabiɗa ya ɗauki digiri 18 don Asuba da 17 don Isha'i. Tsarin Masar ya ɗauki 19.5 da 17.5. Tsarin Ummul Ƙura na Makka ya ɗauki 18.5 don Asuba, Isha'i kuma minti 90 bayan Magariba, a Ramadan minti 120. Tsarin Musulmin Amurka ta Arewa ya ɗauki 15. A ƙasashenmu da ke kusa da tsakiyar duniya, rana tana haurowa da kimanin digiri ɗaya a kowane minti huɗu. Ke nan tsakanin mai bin Masar da mai bin Rabiɗa akwai kimanin minti shida, tsakanin Masar da Amurka kuwa kusan minti ashirin. Ga mai sahur wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma taskar ba ta da laifi ko kaɗan: mutum ne ya zaɓa, ko ya bar saitin da ya tarar.

Na biyu, La'asar. Taskoki suna ba da zaɓi biyu, Shafi'i ko Hanafi. Wasu 'yan'uwa idan ba su ga Malikiyya ba sai su rikice. Malikiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun haɗu a kan cewa La'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da ta rage lokacin zawali, don haka zaɓin Shafi'i shi ne namu. Na Hanafi yana jiran inuwa ta ninka biyu.

Na uku, wurin gari. Kowane digiri ɗaya na tazara daga gabas zuwa yamma minti huɗu ne. Yamai tana kusan digiri 2 gabas, Damagaram kusan 9, Difa sama da 12 da rabi. Duk agogonsu ɗaya, amma rana tana kaiwa tsaka a Difa kimanin minti 42 kafin Yamai. Jadawalin da aka buga don babban birni aka aika ƙauye ba tare da gyara ba zai sa mutane buɗa baki a lokacin da ba nasu ba. A kula kuma da agogon ƙasa: Gana tana kan agogon GMT, Nijar da Kamaru da Chadi suna gaba da awa ɗaya, Sudan da awa biyu.

Na huɗu, iska. Haske yana lanƙwasa idan ya ratso iskar da ke kusa da ƙasa, shi ya sa taskoki suke ɗaukar rana ta faɗi idan tsakiyarta ta yi ƙasa da ufuƙi da digiri 0.833. Wannan matsakaicin adadi ne. Zafi da sanyi da tsayin wuri suna ɗan motsa shi. Don haka ne masu tsara jadawali suke ƙara minti ɗaya ko biyu na ihtiyaɗi a kan Magariba.

Batun jinjirin wata

Matsakaicin tsawon wata kwana 29 ne da awa 12 da minti 44. Lokacin da wata yake haɗuwa da rana, wanda ake kira iƙtirani, duk taskokin nan suna fitar da shi daidai. Wata yana tafiya kimanin rabin digiri a awa guda, saboda haka ko taskar da ke da kuskuren kashi ɗaya cikin sittin na digiri ba za ta kauce da fiye da kimanin minti biyu ba. Amma iƙtirani dabam, ganin wata dabam, kuma yawancin manyan taskokin ba za su ce maka za a gani ba. Abin da suke bayarwa shi ne tsayin wata a sama lokacin faɗuwar rana, da tazararsa da rana, da kaurinsa, da mintocin da zai yi kafin ya faɗi. Mai shirya manhaja ne yake ɗora ma'aunin gani a kan waɗannan.

Ma'aunan kuwa sun bambanta. Masanin Faransa André Danjon ya lura cewa idan tazarar wata da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba, jinjiri ba ya bayyana. Bernard Yallop na Ingila ya fitar da ma'auninsa a 1997, daga baya Muhammad Auda na Jodan ya fitar da nasa, kuma yawancin taswirori masu launi da muke turawa juna daga ɗayan biyun nan suke. Ƙasashen Indunusiya da Maleshiya da Burunai da Singafo sun yarda da tsayin digiri 3 da tazarar 6.4. Taron Istambul na 2016 ya ɗauki tsayin digiri 5 da tazarar 8. Kalandar Ummul Ƙura kuwa sharaɗinta shi ne iƙtirani ya auku kafin faɗuwar rana a Makka, kuma wata ya faɗi bayan rana, ko da ido ba zai iya ganinsa ba. Taswira biyu na iya amfani da taska ɗaya su ba da amsa biyu saboda wannan kaɗai.

Ga kuma wani rami da sababbin ɗalibai suke faɗawa. Saboda kusancin wata da mu, matsayinsa idan an lissafa daga tsakiyar duniya ya bambanta da yadda mai tsayuwa a doron ƙasa yake ganinsa. Kusa da ufuƙi bambancin ya kai kusan digiri ɗaya, kuma kullum mai kallo yana ganinsa ƙasa da abin da lissafin tsakiya ya nuna. Idan ma'aunin digiri 3 ne, digiri ɗaya sulusinsa ne cur. Wannan kuskure guda ya ninka bambancin da ke tsakanin taskokin sau da yawa. Sannan babu taskar da ta san akwai hazo a Maraɗi ko hadari a Kumasi a wannan yammaci.

Taskokin taurarin ɗan'adam

Ga ɗaliban injiniya akwai wani sashe dabam, na bin kewayen taurarin ɗan'adam. Ana rarraba bayanin kowane tauraro a layi biyu na lambobi da ake kira TLE, a shafuka irin CelesTrak, kuma ba a karanta su sai da lissafin SGP4 da aka yi su dominsa. Skyfield tana ɗauke da shi, don haka da ita za ka san daren da tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai tafiya a tsayin kimanin kilomita 400, za ta gifta ta saman garinku. Bayanin yana tsufa cikin 'yan kwanaki, dole a riƙa sabunta shi.

Don tsara tafiyar tauraro tun daga tushe akwai Orekit, a harshen Java, wadda kamfanin CS na Faransa ya buɗe tushenta a 2008, da GMAT ta cibiyar Goddard ta NASA, dukansu da lasisin Apache. SPICE ta JPL ita ce ake amfani da ita wajen kumbunan da ke zuwa wasu duniyoyi. Taskar poliastro ta yi farin jini wurin ɗalibai saboda sauƙinta, amma an dakatar da kula da ita a 2023, wanda darasi ne: kafin ka gina aikinka a kan taska, duba ko har yanzu akwai masu raya ta. Kada wani ya ɗauka wannan fage ya fi ƙarfinmu. A 2017 aka saki GhanaSat-1 daga tashar sararin samaniya, ƙaramin tauraro da matasan injiniyoyin jami'ar All Nations ta Koforidua suka haɗa tare da wata cibiyar fasaha ta Japan.

Yadda za a gwada kafin a yarda

Kada a manna jadawali a bangon masallaci sai an gwada shi. A fitar da lokutan da taskoki biyu masu tushe dabam, misali Skyfield da Astronomy Engine, da saiti iri ɗaya. Idan sun saɓa da fiye da minti guda, to akwai kuskure a saitin. A nemi taskar ta lissafa abin da mutane suka shaida da idonsu, kamar cikakken kusufin rana na 29 ga Maris 2006 da ya ratsa Gana, Togo, Benin, Najeriya, Nijar da Chadi. A fita fili ranar da gari ya yi garau a kwatanta faɗuwar rana da agogo. Wanda bai iya rubuta umarni ba zai iya buɗe Stellarium, manhaja ce mai buɗaɗɗen tushe da ke zana sama kamar yadda take a garinku a kowane lokaci.

Alƙibla ma tana da gwajinta. Lissafi yana ba Yamai kimanin digiri 72 daga arewa zuwa gabas, Akara kuwa kimanin 64. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: wajen 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 9:18 na safe agogon GMT, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 9:27. A Nijar ƙarfe 10:18 da 10:27 ke nan. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla, inuwar sandar da aka kafa a miƙe kuma tana nuna kishiyarta.

Shawara ga 'yan'uwa

Mai haɗa manhajar salla ya ɗauki Adhan ko PrayTimes. Mai son lissafin wata a waya ko shafi ya ɗauki Astronomy Engine, mai son zurfafawa ya ɗauki Skyfield da DE421, mai neman ilmin falaki a jami'a ya koyi Astropy, mai sha'awar taurarin ɗan'adam ya fara da SGP4 kafin Orekit ko GMAT. Kowanne ya karanta lasisin ya cika sharaɗinsa, domin sharaɗi alkawari ne.

Ga kwamitocin masallatai kuma, duk jadawalin da za a raba wa jama'a a rubuta a ƙasansa sunan garin da aka lissafa, da kusurwar Asuba da Isha'i, da mintocin ihtiyaɗi, da taskar da aka yi aiki da ita. Duk taswirar wata da aka turo maka, ka tambayi ma'aunin da aka bi kafin ka tura wa wani. Lissafi yana gaya wa masu duba inda za su sa ido da lokacin da za su fita, yana kuma taimaka wa malamai wajen tantance shaidar da ta zo a daren da wata ya riga rana faɗuwa. Zaɓen kusurwa da karɓar shaida da sanar da shigar wata kuwa na malamai ne da hukumar da aka ɗora wa wannan nauyi a kowace ƙasa, kuma bai dace wani ya raba kan jama'a da hoton da ke cikin wayarsa ba.

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya haɗa kanmu a kan gaskiya, Ya karɓi ibadunmu. Amin.